Jarrabawa Biyu Rana Ɗaya

Makarantu huɗu muka nema wa 'yarmu, kowace da tata jarrabawar shiga. Babanta ya ce biyu sun isa. Na ce masa mai jefa ƙugiya ɗaya a kogi shi ke kwana da yunwa. Ya ce, "To ke da kika jefa huɗu, yi hattara kada ki kamo kada." Ya yi dariyarsa, ya saɓi jakar kayan aiki ya fita. Mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, don haka duk abin da ya yi zafi a duniya gani yake zai huce in an ba shi lokaci.

Ni a kantin magani nake aiki, tsaye a bayan kanta tun safe har yamma, kuma a nan nake kwasar labarin makarantu. Duk uwar da ta shigo sayen maganin tari sai ta bar mini sabon tsoro kafin ta fita. Wannan ta ce makarantar kan tudu yara sun fi dubu masu nema, ɗari da 'yan kai ake ɗauka. Waccan ta ce ɗanta ya shekara biyu yana zuwa darasin yamma, amma ko jerin masu jira bai shiga ba. Ina zuba musu ƙwayoyi a leda ina murmushin dole.

Shekarar 'yata goma sha ɗaya. Barewa muke ce mata, babanta ne ya laƙaba mata tun tana tatata, don ba ta taɓa takawa a inda za a iya rugawa ba. Kai tana da shi, malamanta duk sun shaida. Zama ne ba ta da shi. In na dasa ta a teburin falo da takardun gwaji, ƙafa na kaɗawa, fensir na baki, ido na taga. Na janye teburin daga jikin taga na fuskantar da shi bango. Sai ta koma ƙirga tsagar bango.

Jarrabawar farko a makarantar bayan asibiti aka yi. Barewa ce ta fara fitowa daga cikin yara, tana tsalle, tana cewa kamar shan ruwa. A bas muna dawowa na tambaye ta yawan tambayoyin, ta ce shafi uku ne kacal. Wani yaro da ke kujerar gabanmu tare da kakarsa ya waiwayo ya ce, "Huɗu ne. Akwai a bayan takarda." Barewa ta daina kaɗa ƙafa. Sai da muka rufe ƙofar gida na faɗi duk abin da na tara, har da wanda bai kamata ba.

Ta biyu a makarantar 'yan mata ce. A ranar ta tashi da mura, ta shiga da hankici biyu ta fito da su jiƙe. Na ce, "Kin juya takarda?" Ta ce ta juya har sau uku, har malamar ta tambaye ta ko wani abu ne ya ɓace mata.

Sauran biyun kuwa rana ɗaya suka faɗo, wata Asabar. Da safe makarantar jan gini, wadda ke kusa da mu. Da rana makarantar kan tudu, can ƙarshen gari, bayan layin dogo. Ita ce nake so. Sau ɗaya muka taɓa zuwa, ranar da suka buɗe wa iyaye ƙofa, na ga ɗakin karatunsu na kasa fita. Na buga musu waya ko za a sauya mana rana. Matar da ta ɗauka ta ce, "Baiwar Allah, ba ke kaɗai ba ce. In kun fito da wuri za ku iso."

Babanta ya yi alkawarin zai kai mu. Ana gobe jarrabawa ɗakin sanyin wani mai sayar da kifi ya mutu, kaya cike, mutumin yana kira kamar zai yi kuka. Dole na nemi ƙanena. Shi malamin koyar da tuƙi ne, motarsa da allon masu koyo a samanta. Muna yara Auta muke ce masa, har yanzu da ya fara furfura ban daina ba.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Tsakanin ta safe da ta rana akwai tazarar da za mu ci abinci, mu wanke hannu, mu yi hamma."

Da sassafe na tashe ta. Ta sa shuɗiyar rigar makarantarsu da farar safa. Na fere fensir biyar. Na sa katin jarrabawar jan gini a aljihun dama na jakata, na kan tudu a na hagu, sannan na sauya su, sannan na mayar. Auta ya ajiye mu a ƙofar jan gini, ya tafi neman inuwar da doka ta yarda a tsaya.

Aka shigar da yara, aka bar mu iyaye a waje kamar kaji a bakin rumbu. Wata mata ta zo da kujerar naɗewa da fulas na shayi, da ganinta ka san ba yau ta fara ba. Ta ce wannan ne ɗanta na uku. Ta dube ni ina kai da kawowa, ta ce, "'Yar'uwa, ta fari ce?"

"Ita kaɗai ce."

"Ayya. Shi ya sa. Zauna mana, kina sa ni jiri."

Ban zauna ba. Kunnena na jiran ƙararrawar farawa, shiru. Muka ga yara ta tagogin bene suna leƙe, wasu na ɗaga wa iyayensu hannu. Wani mai gemu ya fara buga ƙarfen ƙofa da makullin motarsa. Can sai ga wani malami ya fito da gumi a goshi, ya ce a yi haƙuri, takardun aji biyu ne ba su cika ba, ana buga wasu, kuma ba za a fara wa kowa ba sai an fara wa kowa.

Na kutsa gaba. "Malam, muna da wata a kan tudu da rana."

"Na sani, uwa. Kun kai ku ashirin."

"To a ba ni 'yata mu tafi."

Ya dube ni. "In na fito miki da ita, ta nan ta tafi ke nan. Ki zaɓa."

Ta farko ta riga ta zube, ta biyu Allah kaɗai ya san abin da mura ta bari. Mai kujerar naɗewa ta ja gefen mayafina ta ce a hankali, "Kada ki saki na hannu don na sama." Na koma baya. Ƙararrawa ta kaɗa daga baya, amma ni daga nan ban ƙara jin daɗin ganin agogo ba. Na kira Auta na ce ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da inji a kunne. Ya ce wurin an hana tsayawa. Na ce masa wata magana da ba zan maimaita ba. Ya zo, amma sai ya riƙa zagaya layin yana dawowa, duk wucewa ya ɗaga mini hannu.

Da aka buɗe ƙofa yara suka ɓarko. Na hango Barewa, na damƙi wuyan hannunta tun kafin ta gan ni.

"Mama, akwai wani malami a ciki da ya..."

"A mota."

"Ina jin fitsari."

"A can."

Na tura ta baya, na miƙa mata burodi da ayaba, na faɗa gaba. Auta ya ce sai kowa ya ɗaura bel. Ya duba madubin tsakiya, ya duba na gefe, ya kunna sigina, ya jira wani mai keke ya wuce.

"Auta, don girman Allah."

"Yaya, in aka kama ni da gudu a motar nan, gobe da me zan ci abinci? Kowa a titi ni yake kallo."

Muka kama hanya kamar masu rakiyar mara lafiya. Duk fitilar da muka tunkara sai ta yi ja don ganinmu. Motoci na wuce mu ta dama da hagu. A wata mahaɗa fitila ta yi ruwan ɗorawa, na ga da sauran dama, na ce, "Taka! Taka mana!" na kuma taka da tawa ƙafar ba tare da na sani ba. Na manta motar koyo ce, akwai birki na biyu a gefen da nake zaune. Motar ta yi turjiya ta tsaya cak, ayabar Barewa ta tashi ta manne a gilashin gaba, na bayanmu ya danna oda kamar zai tsaga titi.

Auta ya gyara madubi. Sannan ya ce, "Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibin da ya taka birki yana cewa a yi gudu ba."

Barewa ta fashe da dariya har da riƙe ciki, tana cewa a daina ba ta dariya fitsari zai zubo. Ni ban yi ba. Na naɗe ƙafafuna ƙarƙashin kujera.

Mun kusa layin dogo muka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ce ta mutu a tsakiyar gadar motoci, direbanta ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. Ba gaba, ba baya. Daga inda muke ina hango koren rufin makarantar a kan tudu da tankin ruwanta, kusa kamar in miƙa hannu in taɓa. Na duba agogo, na kife wayar a cinya, na sake ɗagawa.

"Fito," na ce wa Barewa.

Akwai gadar sama ta masu ƙafa a gefe, mai matakala kamar ba za ta ƙare ba. Gwiwata ta hagu ta daɗe tana yi mini gargaɗi, tsayuwar kanti ce ta cinye ta. A ƙasa na yi sauri. Da muka fara hawa ta ce ba da ita ba. Na riƙe ƙarfen gefe da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da yarinyar, ita tana ja ina ja. A tsakiyar matakalar wani abu ya soke ni daga gwiwa har ƙugu, na durƙusa.

"Mama, sake ni in ruga."

"A'a."

"Na san wurin. Ga shi can ina gani."

"Ba ki san unguwar ba."

"Za su rufe, Mama!"

Na dubi fuskarta, ɓurɓushin burodi a gefen baki. Na dubi tudun. Na zaro katin daga jaka, na duba sau biyu in tabbatar na kan tudu ne, na cusa mata cikin jakar fensir.

"In kin sauka ki miƙe. Kada ki juya ko'ina. Miƙe kawai har koriyar ƙofa. Kada ki yi magana da kowa. Ki juya takarda."

Na ƙarshen ban san ko ta ji ba. Ta haye sauran matakalar bibbiyu, na ga farar safarta tana walƙiya tsakanin ƙafafun mutane a saman gada, sai na daina ganinta.

Na ja jiki na haye, na sauka ɗaya gefen da baya da baya kamar tsohuwa. Da na iso ƙasa na ɗaga kai. Babu miƙe. Hanyar ta rabu biyu a gindin tudun, ɗaya ta yi dama, ɗaya ta yi hagu, wani shagon taya a tsakiya. Ranar da muka zo a bas ne, ta wata hanyar daban. Daga nan ƙasa ma ba a ganin rufin, gidaje sun tare shi.

Na tambayi mai shagon taya hanyar makaranta, ya nuna dama. Na ce ko ya ga wata yarinya mai shuɗiyar riga ta wuce da gudu. Ya ce kansa na ƙasa yana aiki. Na bi dama ina ɗingishi, ina kiran sunanta a kowane lungu.

Koriyar ƙofa na rufe. Iyaye sun bazu a inuwar katanga. Maigadin dattijo ne, yana zaune ta ciki a kan benci, muna ganin juna ta tsakanin ƙarafa.

"Baba, sannu da aiki. Wata yarinya ta shigo da gudu yanzu, ita kaɗai?"

"Da gudu duk suka shigo, 'yata."

"Siririya, mai shuɗiyar riga."

Ya nuna mini farfajiyar da babu kowa, kamar yaran na nan tsaye. "Rabinsu shuɗi ne. Wasu sun zo a ƙurarren lokaci, na tura su ciki na rufe. Ban ƙirga ba."

"To bar ni in leƙa."

"Ko shugabar makaranta ce ta haife ki ba zan buɗe ba sai an tashi. Haka aka ce mini."

Na juya wurin iyaye, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya ga wata ta shiga tana haki, amma kamar da uwarta. Wata ta ce ita ta ga yarinya tana kuka a can ƙasa wajen gada. Na ce mai wace irin riga? Ta ce ba ta lura ba. Na buga lambar ofishin makarantar, ina jin wayar na ƙara a wani ɗaki can ciki, babu mai ɗauka.

Na sake gangarawa. Na bi hanyar hagu wannan karon. Gidaje ne masu kama da juna, da wani fili da yara ke buga ƙwallo, da mai gyaran takalma a ƙarƙashin laima. Ya ce ya ga yarinya ta wuce kamar an harbo ta, amma ba zai rantse da launin riga ba, kuma bai ga ta dawo ba. Hanyar ta sake rabuwa a gaba. Na tsaya a nan ina juyi, ban san wadda zan bi ba, kuma ina tsoron in yi nisa ta koma ƙofa ta tarar ba na nan.

Na kira babanta. Ina jin ƙarar inji a bayansa.

"Yaya aka yi, an shiga?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

Na faɗa masa. Na jira ya ce in kwantar da hankalina, ko ya kawo wani barkwancin. Inji ya mutu a bayansa. Ya ce, "Koma ƙofar ki tsaya. Ga ni nan."

Da na koma na tarar Auta ya iso, ya ajiye mota daidai cikin layi. Ya ga yadda nake jan ƙafa, ya buɗe baki ya ce, "Yau ga barewa ta yi gudu uwarta na rarra..." Ya dubi fuskata, ya haɗiye sauran. Da ya ji abin da ake ciki sai ya koma mota ya shiga bin layukan unguwar ɗaya bayan ɗaya, gilashi a sauke. Duk bayan ɗan lokaci ya kira ya ce babu, ya kuma ce babun nan alheri ne, tunda ba ta kan titi to tana ciki. Na ce ko kuma wani ya ɗauke ta. Ya ce in daina.

Babanta ya sauka daga tasi da rigar aiki, yana ƙarnin kifi tun daga nesa. Bai tambaye ni don me na sake ta ba. Da ya tambaya da na ji sauƙi, da na samu wanda zan yi wa ihu. Ya je ya tsuguna a jikin ƙarafa ya gaida maigadi, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Dattijon ya tashi ya shiga ciki, ya daɗe, ya dawo da wata malama mai tabarau. Ta ce sunayen waɗanda suka shiga suna hannun masu tsaron kowane aji, azuzuwan kuma sun fi goma, ba za ta iya buɗe ƙofa ana tsakiyar lissafi ba. Ta ce in an yi hutun tsakiya za ta duba. Ta rubuta sunan a tafin hannunta ta tafi. Ba mu sake ganinta ba.

Na zauna a bakin kwata, na tashi. Na jingina da katanga, zafi ya kore ni. Wata ta miƙo mini ruwa, na riƙe robar har ta yi ɗumi ban sha ba. Babanta na tsaye wuri ɗaya, hannuwa biyu a kan ƙarfe.

Can ƙararrawa ta kaɗa, hutun tsakiya. Daga ƙofa ana hango wani yanki na farfajiya, nesa sosai, inda ake bi zuwa banɗaki. Iyaye suka taso suka manne da ƙarafa. Yara suka fara wucewa a layi, malami gaba malami baya, ƙanana kamar tururuwa, shuɗi, shuɗi, toka, shuɗi. Idona ya yi ta ruwa don dubawa. Aji ya wuce, wani ya biyo.

Sai wata ta ɓalle daga ƙarshen layi, ta zagaye kowa da gudu ta shige banɗaki, wani malami na ɗaga hannu yana kiranta.

"Ga ta can," in ji babanta.

"Ka ga fuskarta?"

"Ba sai na gani ba."

"Yara nawa ne ke gudu a duniya?"

"Ita ce." Ya saki ƙarfen, ya goge fuska da hannun riga, ya je ya zauna a ƙasa. Har ya fara tambayar Auta ko akwai sauran burodi a mota.

Ni ban yarda ba. Na so in yarda, amma nisan ya yi yawa, kuma da layin ya dawo ban iya ware ta ba. Na ci gaba da tsayuwa a wurin har inuwar katanga ta tsallaka titi.

Da aka tashi, maigadi ya buɗe ƙofa duka biyu. Yara suka fito, iyaye na kira, kowa na kama nasa. Aka ragu. Aka ƙara raguwa. Wadda ta miƙo mini ruwa ta wuce da 'yarta tana yi mini sannu da ido. Na fara shiga farfajiyar, maigadi bai hana ni ba.

Tana cikin na ƙarshe, tana tafiya a hankali, abin da ban saba gani ba. Gwiwarta ta dama a ƙuje, jini ya gangara ya bushe a kan safa. Na yi niyyar rungume ta, ta tsaya nesa kaɗan ta murtuke fuska.

"Kin ce in miƙe. Babu miƙe."

"Na gani."

"Na bi hagu. Na faɗi a wajen masu ƙwallo, suka yi mini dariya. Na ɓullo ta bayan makaranta inda ake shigar da kayan kicin. Wata mai wanke-wanke ce ta buɗe mini, ta kai ni. An riga an fara. A baranda aka sa mini tebur." Ta ja hanci. "Ban gama lissafin ba. Saura shafi guda."

Babanta ya ɗaga ta sama gaba ɗaya kamar 'yar shekara uku. Ta ce, "Baba, kana warin kifi." Ni kuwa na zauna a kan matakalar ofishinsu na yi kukan da na riƙe tun gada. Auta ya tsaya a kaina yana kaɗa makulli, yana cewa mu tashi, lokacin da aka yarda a ajiye mota a layin nan ya kusa cika.

Sakamako bai zo tare ba, ɗaya-ɗaya ya riƙa shigowa waya cikin makonni, kowane da tasa faɗuwar gaban. Bayan asibiti ba su ɗauke ta ba, wannan mun sani. Makarantar 'yan mata suka sa ta a jerin masu jira. Kan tudu suka ce ta yi ƙoƙari amma ba ta kai ba, da maki kaɗan. Ina wurin aiki saƙon ya shigo. Na shiga sito tsakanin kwalayen magani na zauna, ina ta lissafin shafi guda, da gada, da takardun da ba su cika ba, har abokiyar aikina ta ƙwanƙwasa ta ce layi ya kai ƙofa. Jan gini ne suka zo ƙarshe. Sun ɗauke ta.

Muka kai ɗinkin kayan makaranta, muka sayi takalma. Tela ya gama riga biyu ke nan sai ga kira daga makarantar 'yan mata, wata ta janye, gurbi ya samu, suna son amsa kafin gobe da rana. Makarantar ta fi jan gini suna, kowa ya sani. Na dawo gida da zancen a bakina tun daga ƙofa. Na ce riga ba komai ba ce, a sayar. Babanta ya ce bas biyu ne zuwa, bas biyu dawowa. Na ce wasu yaran bas uku suke hawa. Muka yi ta yi a kan abinci har ya huce, Barewa na tsakaninmu tana juya cokali.

Babanta ya ce, "Ke ba ki ce komai ba."

"Ni jan gini nake so."

"Saboda me?" na ce. "Saboda kusa?"

"A'a. Ranar da takardu ba su cika ba, malamin ajinmu ya ga mun gaji, ya tafi ya turo wani ƙwarangwal mai taya daga ɗakin kimiyya. Ya ce duk wanda ya faɗi sunan ƙashi ɗaya zai gaisa da shi. Na faɗi uku. Ya ce in na zo zai nuna mini na kunne, wai sun fi ƙwayar shinkafa kaɗan." Ta dube ni. "Na so in gaya miki a ƙofa, kika ce a mota."

Na ce ba a zaɓar makaranta saboda ƙwarangwal. Ta ce to saboda me ake zaɓa? Na fara jero mata, na ji duk maganganun matan kanti ne ke fitowa daga bakina. Na kwashe kwanuka na kai kicin, na wanke su, na sake ɗauraye waɗanda na riga na wanke.

Washegari na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga. Rana ta kusa tsakiya na fita bayan kanti na kira su, na ce mun gode, a ba wa mai bi mana.

"Kin tabbata? In na cire ta ba a mayarwa," in ji matar da ta ɗauka.

"Ban tabbata ba," na ce. "Amma cire ta."

Na ji tana danna wani abu. Ta ce shi ke nan, Allah ya sa albarka, ta kashe. Daga nan na kira tela na ce ya ci gaba da riga ta uku, ya kuma ƙara mata tsawo, yarinyar girma take yi.